Ruwan da Baba Ya Ƙi Shiga

Wahala ce kawai muka sha. Daga Garuwa zuwa Mokolo a mota, daga nan a kan babur, Baba a tsakiya ina riƙe da shi kamar buhun auduga. Inda hanya ta ƙare na goya shi na hau dutsen. Ƙafafunsa sun mutu tun damina, asibiti sun sallame mu, sai wani mai gero ya ba mu labarin wani ruwan zafi mai magani da ke ɓuɓɓugowa daga dutse, kyauta.

"Jaki ma ya fi ka iya tafiya," in ji Baba a bayana. Na haura arba'in, na saba da bakinsa.

Wurin ba wani abin kallo ba ne. Ramuka biyu tsakanin duwatsu, sai tururi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan yakan cika na sama ya gangaro na ƙasa. A al'adar mutanen dutsen na sama na tsofaffinsu ne, baƙo kuwa, ko wane ne shi, ƙasa zai shiga. Muka tarar da tsofaffin a sama suna cuɗa gwiwoyi.

Baba ya ce, "Ni? Da dauɗar mashaya giya zan yi wanka?"

"Baba, sassauta murya, suna ji."

"Su ji mana."

Wani tsoho mai gicciye a wuya ya yi dariya. "Alhaji, ai na san ka. Na yi dako a shagonka. Ran da na sha ruwa a randarka ka sa aka fasa moɗar." Ya daki ruwan da tafi. "Ga sama nan. In ƙafarka ta kawo ka, mu matsa maka."

Suka kwashe da dariya.

Na durƙusa na roƙi Baba. Na ce saboda ruwan nan muka zo, kuma bayana ba zai sake hawo da shi ba.

"In ka tsoma ni, ban yafe maka ba," in ji shi. "Da ƙanenka Allah ya bar mini ba kai ba, da ba a wulaƙanta ni haka ba."

A zauren tsohon nan muka kwana. Ya kawo tuwo, Baba ya kau da kai.

Da safe na jingina shi da wani dutse, na tuɓe riga, na shiga ramin ƙasa. Na zauna har ƙuguna ya saki, Baba yana kallona. Sannan na goya shi a bushe muka gangara.