Ladanin da Ya Faɗi Ranar Husufi

Malam Uzairu ya shekara goma sha tara yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Dangora, yana kuma koyar da kimiyya a sakandare. Mutum ne da ba ya iya barin magana ta wuce a karkace. Jama'a na haƙuri da shi ne saboda muryarsa.

Alhaji Maikano kuwa, dillalin masara kuma shugaban kwamitin masallaci, ya daɗe yana neman hanyar da lasifikar masallacin za ta koma hannun surukinsa Idi.

Wata Juma'a bayan la'asar, Uzairu ya sanar cewa ranar Talata da sha ɗaya da kwata za a yi husufin rana, kowa ya zo da alwalarsa. Da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Maikano ya gyara zama. "Malam, wa ya gaya maka?"

"Lissafi ne, ranka ya daɗe. Manyan masana sun daɗe da gano shi."

"Su manyan nan naka, sun yi imani da Allah?"

Liman ya ƙifta wa Uzairu ido. "E" kawai ake so ya ce, a tashi lafiya. Ina, Uzairu ne fa.

"Wasu Musulmi ne masu ibada, wasu Kiristoci. Wasu kuma sun mutu ba su yarda da komai ba. Amma lissafinsu bai saɓa ba."

Maikano, wanda bai taɓa tambayar addinin wanda ya ƙera motarsa ba, ya saki salati. "Kun dai ji da kunnenku. Bakin da ke yabon kafirai shi ke kiranmu salla."

Kafin magariba an karɓe makullin ɗakin lasifika, wai sai an ga Talata. Uzairu ya koma gida yana huci, ya ce wa matarsa Muhsina rana da kanta za ta yi masa shaida.

"Malam, gara ka roƙi Allah hadari ya rufe ta," in ji ta. "In ka kuskure, dariya za su yi su mayar maka da makullin. In ka dace, ba za su yafe ba."

Talata gari ya waye tas. Sha ɗaya da kwata haske ya fara dusashewa, kaji suka nufi akurki. Idi ya tara jama'a sallar husufi da muryarsa mai kama da ta injin niƙa. Da Uzairu ya shigo, ba wanda ya matsa masa a sahun gaba. Ana sallamewa Maikano ya waiwaya ya ce, "A buɗa wa mai sanin gaibu hanya." Aka buɗa masa, ya fita shi kaɗai.

Shekara shida ke nan, har Uzairu ya yi ritaya daga koyarwa, ba a mayar masa da makullin ba. Sau biyar a rana Idi na kira, Uzairu na zaune a zaurensa yana amsawa kalma bayan kalma kamar yadda addini ya koyar, kuma har yau abin na ci masa rai.