Rawar Motar da Yaya Haruna Ya Bari

Shekara bakwai ke nan. Ranar wata Talata ce, bayan La'asar, a gidanmu na Yelwa. Daga ni sai Inna sai matarsa muke ɗakin lokacin da Allah ya karɓi ran yayana Haruna, bakaniken motoci masu giya otomatik. Allah ya jiƙansa.

Motarsa ya bar mana, kuma yau da ita nake kai Inna wankin ƙoda Birnin Kebbi. A watan jiya motar ta fara rawa. Da zarar ta kama giyar sama, sai jikinta ya ɗauki ɓari kamar ana taka tsakuwa, alhali kwalta ce. A gareji aka ce sai an sauya akwatin giyar ɗungurungum, kuma sai an aika Kano. Ƙoda ba ta jiran saƙo. Inna ta rasa wanki ɗaya, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Motar haya kuwa sai ta cika take tashi, jikin Inna ba ya ɗaukar matsi.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ni da ban taɓa riƙe sifana ba, na shiga tuno yadda Yaya yake yi. Yakan hau hanyar Ngaski, ya riƙe totur daidai, idan rawa ta zo ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu. In ta tsaya nan take, yakan ce kulocin da ke tsakanin inji da giya ne ke zamewa, a fara duba mai. Na gwada. Rawar ta tsaya.

Na zaro ma'aunin mai na shafa a farin ƙyalle. Ba ja ba ne kamar yadda man giya yake, kuma ƙaurinsa na bakin tafki ne. Ashe surukinmu da ya ari motar zuwa Wara, garin bakin tafki, ya ga man ya ja baya, ya cika shi da man injin jirgin ruwa, don shi ake sayarwa a can, kuma a wurin masunta mai mai ne. Da kyakkyawar niyya ya yi.

Da Yaya yana raye, da ya yi faɗa, sannan ya shiga ƙarƙashin motar kafin ya gama faɗan. Ban san me zai ce ba idan ya ga garejinsa ya koma shagon cajin waya, ƙanensa kuma yana sunsunar ƙyalle a bakin titi.

Aka juye man aka zuba na ainihi, aka sake juyewa. Rawar ta ragu, ba ta tafi ba. Abin da ya saura na Yaya ke nan a hannuna: na san ciwon, maganin ya fi ƙarfina.

Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ranar wanki na gaba, da muka wuce Koko motar ta ɗan girgiza, Inna ta dafa kujerar gaba.

"Auta, mai garejin yakan ce kar a matsa mata. Tafi sannu."

Na tafi sannu. Mun isa a makare, an riga an ɗora wani a kan na'urar wankin ƙodar. Aka ce mu dawo Asabar.