Baƙin Allo a Gaban Malam Sabo

Jama'a, yau saura ƙiris a rufe min shago a Gwarzo!

Wani mutumin Lakwaya ya kawo kwamfuta mai aiki da manhajar Linux, in saka mata direban katin hoto, wato manhajar da ke sa hoto ya fito tas. Kun san sai an kashe fuskar kwamfutar tukuna. Allo ya koma baƙi ƙirin, sai farin rubutu yana ta gudu.

Daidai nan 'yan kwamitin unguwa masu duba shaguna saboda finafinan banza suka yi sallama. Malam Sabo, shugabansu, na gaba.

"Me ka ɓoye da ka gan mu?"

"Wallahi Malam gyara nake!"

"Kunna mu gani. In ba haka ba, kwaɗo za mu sa wa shagon."

Ni kuwa ban san abin da ke cikinta ba, ba tawa ba ce! Ga janareto na tari, man lita ɗaya na saya. In ya mutu, aiki ya lalace. Gumi har cikin ido!

Da ƙyar ta gama. Na sake kunna ta ina salati.

Wani tsohon hoto ya fito tar a fuskar kwamfutar! Wani saurayi da tulin suma, wando buje, rungume da rediyo. Ashe mutumin da ya kawo kwamfutar ƙanin Malam ne.

Wani ɗan kwamiti ya matso. "Malam, wannan ba kai ba ne?"

Malam ya daka min tsawa: "Kai, kashe ta!"