Tsinin Murfi Daga Itace Guda

Jiya a kasuwar Omdurman na ɗaga murfin kwanon turaren amare, tsininsa ya ɓalle a hannuna. Da gam aka manna shi, wai sassaƙa. Sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

A unguwar Umbadda ya koya mini fitar da murfi da tsininsa daga itace guda, injin sassaƙa na juyawa, garin katako mai ɗumi na zubo mana a yatsu. Babban dillalinsa ya ce, "Ya Hajj, manna kawai, wa zai gane?"

Kawu ko injin bai kashe ba. "Amarya za ta gane, gaban dangin miji. Ga ƙofa."

Dillalin bai sake dawowa ba. Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya tsare sana'arsa daga ragwaye.