Murhun Da Malam Ya Zaɓa

Ana saura ƴan kwanaki babbar sallar shekarar 2013, ɗanmu Nasiru ya ɗauke ni da mahaifinsa, Malam, zuwa wani katafaren kanti a Manassas ta jihar Virginia, can ƙasar waje, garin da yake zaune da iyalinsa, domin a sayi murhun gashin nama. Surukata Zainab ce ta tuna mini shekarar, ita ce kuma take rubuta wannan, domin ni ban yi karatu ba. Nasiru likita ne. Ya sayi wata doguwar mota mai ɗaki a cikinta, da gadaje da banɗaki, ya ce bana a gindin duwatsu za mu ci naman layya, yadda mutanen ƙasar suke fita hutu. Ya nuna wani murhu mai ƙyalli ya ce, "Baba, wannan na gas ne. Ka murɗa ya kama, ka murɗa ya mutu." Malam ya harare shi ya ce, "Naman layya a kan gas? Kai dai tsaya a allurarka, nama ka bar mini." Ya wuce can ƙarshe ya dafa wani baƙi, ƙarami, mai gajerun ƙafafu da hannu biyu, na gawayi. Mai kantin ya yi magana da Turanci, Nasiru ya ɗaga murya saboda kunnen mahaifinsa ya yi nauyi, ya ce, "Ya ce ban da cikin ɗaki." Malam ya yi dariya ya ce, "Wane mahaukaci ne zai gasa nama a ɗaki?" Ya ɗaga murhun da hannu biyu yana jin nauyinsa. Na tsaya ina kallon yadda ya riƙe shi. Haka muke riƙe kaskon wuta muna yara.

Ni da Malam ƴan ƙauye ɗaya ne a ƙasar Funtuwa, danga ce kawai ta raba gidajenmu. A lokacin ashana sai gidan mai hali, saboda haka wuta aba ce da ake reno kamar jariri. Aikina na farko kowace safiya, tun kafin in share tsakar gida ko in kai tumaki bakin gari, shi ne in tona tokar murhu in duba ko da sauran rai. Idan ta mutu, sai mahaifiyata ta miƙo mini fasasshen kasko ta ce in je in ɗebo. Gidan da nake zuwa kuwa gidan su Malam ne, domin mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Iya, wutarta ba ta taɓa mutuwa ba. Takan tara garwashi wuri ɗaya, ta ɗora busasshen kashin shanu, ta lulluɓe da toka, ta daddanna da bayan ludayi har ya yi sumul. Nakan dawo ina tafiya a hankali, hannu ɗaya yana kare kaskon daga iska, idona yana hawaye. Ko ƙawayena sun kira ni wasan carafke a gindin tsamiya ba na waiwaya. Da wannan wutar ake dama koko, da ita muke gasa ɗanyar masara, da kaka kuma mu tura gyaɗar da muka yi kala a gona cikin toka mai zafi, mu ci har bakinmu ya yi baƙi.

Da damina ake gane gidan da ya san darajar wuta. Da zarar hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa ganyen dawa, sai ka ji muryar Iya ta ƙetaro danga tana cewa, "A kwashe shanya, a shigo da wuta!" Ba a barin garwashi a ruwa, ba a kuma kashe shi da ruwa. Yaron da ya bari ruwa ya ci wutar gidansu, ranar sai ya sha bulala. Akan kwashe garwashin a kasko a kai tsakiyar ɗaki, mu kewaye shi, tsofaffi su miƙe ƙafa su gasa gwiwa, har barci ya kwashe kowa. Ba abin da ya taɓa samunmu. Ɗakunanmu na jinka ne, iska tana shiga ta ciyawa, tana fita ta ƙarƙashin asabarin ƙofa, amma mu ba mu san ita ce take tsaronmu ba.

Akwai wata damina da aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, sanyi ya kama ƴan tsakin da kazar mahaifiyata ta ƙyanƙyashe. Don tausayi mahaifiyata ta zuba su a akurkin ƙasa, ta sa ɗan garwashi a gefe, ta toshe bakin da tsumma da faifai. Da safe ni aka aika in buɗe. Na tarar da su kwance a jere, har uwar, ba wanda ya ƙone, ba gashin da ya babbake, kamar masu barci. Na taɓa ɗaya da yatsa, da sauran ɗumi a jikinsa. Mata suka taru, wata ta ce iska ce, wata ta ce bakin mutane ne. Iya ta daɗe tana kallon akurkin, sannan ta ce, "Ku binne su, kada kowa ya ci." Aka fasa akurkin aka bar maganar. Na girma, na yi aure, na haifi ƴaƴa, ban sake tuna ƴan tsakin nan ba.

Bayan salla muka tafi duwatsun. Ganyen itatuwa ya yi ja, sanyi yana shiga ƙashi. Malam ya hura gawayinsa da murfin kwali, ya barbaɗa yajin da muka zo da shi daga gida, jikokinmu suna ta tsalle suna yi masa Turanci, shi kuma yana ce musu, "Ku ci da baki, ku bar surutu." Na daɗe ban gan shi cikin farin ciki irin na ranar ba. Bayan azahar Nasiru ya tafi da yaran kallon rafi, ni da Zainab muka ɗauki kwanuka zuwa wurin wanke-wanke, can ƙasan hanya. Malam ya ce gwiwarsa tana ciwo, zai ɗan kishingiɗa. Muna can ruwa ya sauko da ƙarfi, muka fake muna jira ya tsagaita.

Da muka dawo, abin da na fara gani shi ne gurbin ƙafafun murhun a cikin laka, babu murhun. Sannan na ji wani siririn kuka mai tsini yana fitowa daga motar. Ashe ƙararrawar da ke gargaɗi ce idan iskar ciki ta ɓaci. Zainab ta zubar da kwanukan ta ruga. Ƙofa a rufe, tagogi a rufe. Da ta buɗe, sai ga Malam kwance a ciki, ƙafafunsa wajen murhun, abin jin da yake sawa a kunne yana ajiye kusa da carbinsa, domin kullum cire shi yake idan zai kwanta. Ya tara garwashin wuri ɗaya, ya lulluɓe shi da toka, ya daddanna har ya yi sumul, irin na Iya. Nasiru ya iso a guje ya jawo shi waje cikin ruwa, yana danna ƙirjinsa yana kiran "Baba! Baba!" Motar asibiti ta zo, amma rai ya riga ya yi halinsa. Daga baya Nasiru ya ce mini gawayi yana da wani hayaƙi da ba a gani, ba a jin warinsa, kuma motar ba ta da kafar da zai fita. Yana faɗa, ni kuwa ƴan tsakin mahaifiyata nake gani.

A nan Virginia aka binne shi, nesa da kabarin Iya. Allah ya jiƙansu. Nasiru ya sayar da motar, har yau kuma ba a gasa nama a gidan nan. Da safe nakan shiga madafa in murɗa, wuta shuɗiya ta tashi, ba toka, ba wanda zan aika ya ɗebo, ba wanda zai zo nema. Amma duk ranar da hadari ya haɗu a kan rufin gidajen Manassas, sai in ji muryar nan ta ƙetaro danga, in miƙe tsaye, sannan in zauna in yi kuka. Malam bai yi wauta ba. Ruwa ya sauko, ya shigo da wuta, kamar yadda aka koya masa.