Layar da ta hana Wada barci

Wada mai wayar mota ba ya tafiya babu sukurdireba a bayan kunne, ko gaisuwar mutuwa zai je. Garajinsa na Sabon Gari, inuwar dogon yaro ce da tsohon benci. Shekara ashirin yana duba motocin Alhaji Mahamadu mai hatsi, kuma shekara ashirin yana cika wa unguwa kunne cewa ba a yi wayar da za ta gagare shi ba. Ko fitilar ɗakin matarsa Zuliha ya gyara, sai maƙwabta sun sha labari.

To, sai ga sabuwar motar Alhaji ta kunna jar fitilar birki a tabulo, allon nan na gaban direba. Direbanta Jibo, ɗan Tibiri, ya kawo ta. Wada ya jona 'yar na'urarsa, ta ce laifin na layin kaptar ne, wato ɗan abin da ke auna ƙarfin da ƙafa ta taka birki.

"Aikin rabin awa," in ji Wada. "Je ka sha shayi."

Ya sa mita. Wuta na zuwa daidai, wayar ƙasa lafiya, wayar saƙo tana hawa tana sauka yadda ake so in an taka. Ya goge fish ɗin da wayoyin ke shiga, a can bayan abin takawa, ya share laifin, fitila ta mutu. Washegari Jibo ya dawo, fitila ja jawur. Wada ya sake kaptar. Fitila ta dawo. Ya ce jabu aka sayar masa, ya zagi mai shago har kakansa, ya sa wani. Kwana biyu, ga Jibo kuma, yana sosa ƙeya.

Abin haushin, a garaji motar nan lafiyarta ƙalau. Sai ta hau hanyar Jirataua ko ta Tibiri take tsiya. Wada ya daina cin tuwo da kyau. Masu kabu-kabu in za su wuce sai su ɗaga murya: "Malam Wada, ta mutu ko tana nan?"

Ran kwana na takwas Alhaji ya zo da kansa, bai ko zauna ba.

"Wada, iyalina ka shiga motar ga. In jibi ba ta gyaru ba, Katsina za ta, kuma sauran motocin bayanta za su bi."

Wada ya sake kifa kansa ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Yana bin wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga wuri guda ya yi sulɓi, ga ja-ja a jiki irin na rinin dukawa. Ya shinshina. Warin fata. Mota daga ƙasar Turawa, me ya haɗa ta da jima?

Ya fito ya kakkaɓe jikinsa. Ya sallami Jibo da motar, ya hau kabu-kabu ya bi shi. Kwanar hanya biyu kawai aka sha, Jibo ya tsaya bakin wani kango, ya zaro abu daga aljihu ya duƙa. Wada ya dira a kansa.

"Mi kake ɗaurawa nan, ɗan nema?"

Laya ce, ƙatuwa, da igiyar jar fata. Innarsa Kyauta ta ba shi don tsarin hanya, ta ce a jikin birki za ta zauna, ba wani wuri ba. Shi kuwa gwanin sai ya haɗa ƙarfen takawa da damin wayoyin ya ƙulle tamau. Duk ramin da ya sa ya taka da ƙarfi, igiya ta fizgi fish, saƙo ya yanke, fitila ta kama. In zai zo garaji kuma sai ya kwance abarsa ya sa aljihu, don ya san Alhaji ba ya shiri da laya ko kaɗan.

"Kwana takwas!" in ji Wada. "Kaptar biyu! Kana zaune kan bencina kana shan shayina, ciwon yana cikin aljihunka!"

"Baba Wada, ka rufa mani asiri. In Alhaji ya ji, yau zan aje makulli. Ɗiya huɗu gare ni."

Wada ya daɗe yana huci. Ga labarin da zai wanke shi tas, wanda zai shekara yana bayarwa, ga kuma Jibo ido ya raina fata. Ya ja tsaki, ya matse bakin fish ɗin da ya saki, ya naɗe wayar, ya ƙwace layar ya ɗaure ta a ƙarfen ƙarƙashin kujera.

"Ka ce wa Inna nan ma kusa da birki ne."

Da jibin ta zo, Alhaji ya zaga da motar har Tibiri ya dawo, tabulo fes.

"To mi ya same ta?"

Wada ya dubi Jibo. "Waya ce ta saki, Alhaji."

"Waya guda, kwana goma? Wada, ka tsufa." Ya miƙa masa makullin babbar motar hatsi. "Duba mani wannan, amma don Allah kada ta kai kaka."

Jibo yanzu yana jan tasa motar, shi ya sa bakin Zuliha, wadda ita kaɗai Wada ya gaya wa, ya buɗe har labarin ya fito. Wada kuwa har yau in aka kawo masa mota, kafin ya ɗauko mita sai ya ce direba ya zazzage aljihu.