Inda Tsintsiyar Siem Ta Tsaya

A garinmu na bakin teku, in ka ce Siem Molenaar ba kowa zai gane ba, sai ka ce mutumin fakin. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, amma shi da ya hau jirgin kamun kifi sai ya yi ta amai kamar zai fitar da hanjinsa, har uban ya ce ya je ya nemi abin yi a tudu. Haka ya shiga aikin ƙaramar hukuma, aka damƙa masa filin ajiye motoci na bakin teku. Yana aikin filin nan ya yi aure, a nan furfura ta same shi.

Aikin ba na a zo a gani ba ne. Iskar yamma ta kwana tana kwaso yashi daga tuddai tana zubawa a filin, shi kuma ya wayi gari yana kwashewa yana mayar mata da kayanta. Lokacin zafi Jamusawa masu zuwa hutu su cika wurin da motoci, su bar masa kwalayen soyayyen dankali, tsuntsayen teku su yayyaga su watsar. Wanda ya sami wurin ajiye mota ba ya godiya, wanda ya rasa kuwa Siem yake zagi.

Abokinsa Wout Kuiper, wanda suka taso tare tun firamare, shi aka ba hanyar kekuna da ta ratsa tuddan yashi. Matsayinsu ɗaya, rigar aikinsu ɗaya mai ruwan lemo. To amma a ƙasar nan mai keke ɗan gata ne, mai gyara masa hanya ma haka. Kowa ya wuce Wout sai ya buga masa ƙararrawa, tsofaffin mata har kek ɗin tuffa suke tsaya su miƙa masa. Siem yana gani daga filinsa, abin yana cinsa a rai, yana haɗiyewa.

Hanyar keken tana gangarowa daga kan tudu, ta yi wata muguwar kwana daidai bakin filin Siem, kuma mai saukowa ba ya ganin kwanar sai ya shige ta. Akwai farin layi a wurin. A dokar ofis, nan na sashen motoci ne, can na sashen kekuna, kuma mu mutane ne masu girmama layi. Yashi ne kawai babu ruwansa da shi. Don haka kullum da safe, in Siem ya gama nasa, sai ya tsallaka da tsintsiya ya share kwanar, tunda ya riga Wout isowa. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya taɓa ce masa sannu. Jim kaɗan sai ga Wout, wanda ke duba hanyarsa a kan keke tun daga arewa, ya sheƙo a guje.

"Sarkin Yashi, kofi ya yi?"

"Sauko dai, Gwamnan Keke, kai da ba ka san nauyin shebur ba."

Sai su shiga ɗan ɗakin katako na Siem, su ci burodi da cuku, su yi gulmar ofis.

Bana aka yi wa hanyar keken gyara na gani na faɗa. Aka tumɓuke turakun ƙarfen da mutane ke karo da su, aka zuba jar kwalta, aka sa fitilu. Filin Siem kuwa ko gwangwanin fenti bai samu ba. Ranar buɗewa, kansilar da ke kula da ayyuka ta tsaya a kan kwanar nan ta ce, "A duk ƙasar nan, kwana irin wannan ita ke karya mutane. Tamu ba ta taɓa kayar da kowa ba, kuma Wout za mu gode wa." Aka yi tafi, aka miƙa masa furanni. Siem ya kafa wa bakin Wout ido yana jiran ya ce wani abu. Wout ya yi ja har kunne, ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, shi ke nan.

Jaridar gari ta buga hoton. Wout a tsakiya, Siem kuwa gwiwar hannunsa kaɗai ta fito a gefe. Matarsa Riek ta yanke hoton ta manna a jikin firji.

"Me wannan yake yi a gidana?"

"Kai Siem, abokinka ne fa. Ga ka nan ai, na gane hannun rigarka."

"To ki kai masa miyar wake ma mana, tunda shi ne gwarzo."

"Kishi kake yi, tsoho, ka dubi fuskarka."

Kishi kuwa yake yi, mai ɗaci. Ya ƙudurta a ransa cewa daga yau tsintsiyarsa a farin layi za ta tsaya. Ba ya nufin kowa da sharri, haka yake gaya wa kansa. So yake Wout ya tarar da yashi a kan sabuwar kwaltarsa, ya sauka ya yi gumi, ya zo da bakinsa ya ce, ashe kai ne.

Abin haushi, sai iska ta ƙi tasowa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsine mata ya koma kullum yana leƙen tutar bakin teku ko ta motsa. Wout na sheƙowa, yana shan kofi, yana ba da labarin yadda mutanen wani gari suka turo a ga aikinsa. Siem yana jinsa, yana tauna burodi kamar yana tauna takalmi.

Sai a farkon sanyi guguwa ta zo. Da gari ya waye yashi ya kwanta a kwanar, mai laushi, ya rufe jar kwaltar. Siem ya share filinsa tas, ya bi farin layin da tsintsiya har yana ƙyalli. Ya tsaya ya dubi tsallake. Hannunsa ma ya so ya miƙa don sabo, ya janye shi. Ya shiga ɗaki ya ɗora kofi, yana shirya irin amsar da zai bayar.

Ƙararrawa ya fara ji, sannan ƙarar ƙarfe a kan kwalta. Da ya fito, keken na gefe tayarsa na juyawa, Wout na kwance ya kasa ko ɗaga kai. Ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunsa likitoci suka ce ya manta da komawa aiki. Ofis suka bincika, suka ce laifin guguwa ne. Mutumin fakin ya share nasa daidai doka, babu mai abin cewa.

Siem ya yi ta ja da baya da zuwa duba shi, har Riek ta tura shi asibiti da kwanon miya a hannu. Ɗakin cike da furanni da katunan gaisuwa, har daga makarantar firamare. Abin kunya, ko a nan sai da ransa ya ce, ni in na karye wa zai aiko da ko ganye?

"Sarkin Yashi," in ji Wout, muryarsa ta dushe. "Zauna mana. Ina ta tambayarka."

Siem ya zauna a bakin kujera, kwanon na kan cinyarsa.

"Ranar furannin nan na so in faɗi sunanka, bakina ya bushe. Ka san ni da taro. Amma ai na sani, mutumina. Tun muna da baƙin gashi ban taɓa taka birki a kwanar nan ba, saboda na san ka riga ni zuwa." Ya juyo ya dubi Siem. "Ina cikin faɗuwa, Allah ya sani ba ƙuguna na tuna ba. Cewa na yi, wani abu ya sami Siem. Me ya faru ne ranar? Ba ka ji daɗin jikinka ba?"

Ƙaryar tana nan a saman harshensa, ciwon baya ko jiri, kuma ya san Wout zai karɓa hannu biyu. Ya buɗe baki, ta ƙi fitowa.

"Lafiyata ƙalau," in ji Siem. "Ina wurin. Na share nawa."

Wout ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyar da fuskarsa wajen taga.

"Ajiye miyar a can," ya ce. "Ka gaida Riek."